Yadda ake cire salansar babur da ta kafe ba tare da an lalata ta ba

"Assalamu alaikum. Ina da babur Bajaj Boxer da nake zirga-zirga da shi tsakanin Rigasa da cikin gari. Salansar ta fara hura hayaƙi ta wajen wuyanta, inda ta haɗu da injin. Na sayi sabon gasket domin in canja, amma notoci biyun nan sun ƙi motsi, ɗaya ma sifana ta fara cinye masa kai. Na kwance ƙusar baya, na jijjiga salansar, ko gezau. Wani ya ce in kai wa mai walda ya gasa wurin da wuta, wani ya ce in sa guduma. Salansar ta asali ce, ba na so in lotsa ta ko in ƙona mata fenti. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake tambaya shi ne yadda za ka raba salansa da injin alhali tsatsa ta haɗe su, kuma ka fito da salansar lafiya. Kafin komai, ka mayar da ƙusar bayan nan da ka kwance, ka ɗaure ta ko da da hannu ne, kuma ka daina jijjiga salansar. Da zarar an cire abin da ke riƙe da ita a baya, duk nauyinta ya koma kan ƙusoshi biyu 'yan sirara da ke jikin injin, kuma tsawon salansar ya zama maka madogara, ta yadda ɗan motsin da ka yi a wutsiyarta yakan isa wuyanta da ƙarfi ninki-ba-ninki. Damuwarka tana kan salansa, amma a wannan aiki abin da ya fi saurin lalacewa, kuma ya fi tsadar gyara, shi ne waɗannan ƙusoshi biyu da kuma ramukan da aka dasa su a ciki.

Abin da ke riƙe da salansa

A ƙananan baburan da suka cika titunan Kaduna, irin su Boxer, TVS, Jincheng da Haojue, salansa da bututunta yawanci abu ɗaya ne da aka yi wa walda tun daga kamfani. Wurare biyu ne kawai ke riƙe da ita. A baya akwai ƙusa ɗaya ko biyu kusa da matakin fasinja. A gaba kuma bakin bututun yana shiga cikin kan injin, wanda makanikai ke kira tof, ya zauna a kan wani zobe mai laushi, wato gasket, sai a danne shi da wani faifan ƙarfe mai huda biyu. Ta cikin hudojin nan ne ƙusoshi biyu masu zare kai biyu suke leƙowa, su ne sitod, kuma a kansu ake ɗaura notocin da suka ƙi kwancuwa a wurinka. Kaurin sitod a irin waɗannan babura yakan kasance milimita 6 ko 8 ne kawai, notinsa kuma lamba 10, 12 ko 13. Manyan babura da wasu na zamani suna da ƙarin mahaɗa a tsakiya, inda bakin salansa ke haɗiye bututun a matse su da kilif ko sifirin, kuma zan yi magana a kanta a gaba domin masu irin wannan.

Sitod ƙarfe ne, tof kuwa alminiyam ne, kuma nan ne tushen wahalar. Alminiyam ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba, saboda haka idan aka sa ƙarfi fiye da kima, ko dai sitod ya karye a bar guntunsa a ciki, ko kuma ya fito da zaren ramin gaba ɗaya. Duk wanda ya faru, aikin da zai ƙare a kan gasket ɗaya ya koma sauke tof da zuwa wurin masu tana, wato masu injin sassaƙa ƙarfe da yanka zare.

Dalilin kafewar kuwa ba ɗaya ba ne. Wuyan salansa shi ne wurin da ya fi ko'ina zafi a wajen injin, yana zafi yana hucewa sau da yawa a kowace rana, kuma zafi yana gaggauta tsatsa. Wurin yana bayan tayar gaba daidai, don haka daga watan Mayu zuwa Oktoba duk ruwa da jar lakar da tayar ta kwaso a kansa take watsawa, kuma wanda ke bin lungunan Rigasa da damina ya san abin da nake nufi. Akwai kuma ruwan da ke fitowa daga ciki, domin kowace lita ta fetur idan ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi, wanda yakan kwanta a cikin salansar idan tafiyar ba ta yi nisan da zai busar da shi ba. Ita tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, saboda haka idan ta tsiro tsakanin zaren noti da na sitod sai ta cika ɗan sararin da ke tsakaninsu ta matse su. A cikin tof kuma, haɗuwar ƙarfe da alminiyam a inda akwai danshi tana haifar da wani farin gari mai kama ƙusa. Sai kuma kunkunniyar hayaƙi, wadda ke taruwa ta daskare a bakin bututun, musamman tunda ka ce naka yana hurawa ta nan, kuma ta fi yawa a baburan da ake haɗa musu baƙin mai da fetur irin tsohon Jincheng da Suzuki AX100.

Jiƙawa da kwance noti

A aikina, abin da na fi ganin yana ceton sitod shi ne lokacin da aka ba man jiƙo ya yi aikinsa, kuma shi ne abin da masu babur suka fi ƙyashin bayarwa, musamman 'yan acaɓa, waɗanda kowace sa'a a gareji asara ce a wurinsu. Ka ɗora babur a kan jakin tsakiya a wuri mai tauri. Ka sami buroshin ƙarfe ka goge zaren sitod ɗin da ya leƙo a gaban noti har sai ka ga hasken ƙarfe, domin ko notin ya motsa, ta kan wannan zaren zai bi ya fita, kuma sau da yawa a nan ne sitod ke karyewa bayan mutum ya ɗauka ya gama. Daga nan ka fesa man sassauta tsatsa irin WD-40 ko makamancinsa a gaban notin da bayansa, da kuma kewayen bakin bututun. Idan babu, kananzir ko man gas (dizal) da aka haɗa da ɗan baƙin mai yana aiki, sai dai ya fi jinkiri. Da yawa daga abokan sana'a suna zuba man birki, kuma ba na musun cewa yana ratsa tsatsa, amma yana cin fenti, kai kuwa fentin salansarka kake son karewa, don haka ka bar shi.

Mafi kyau shi ne ka fesa da yamma bayan ka dawo, lokacin da injin ya huce har kana iya ɗora hannu a kai amma da sauran ɗumi, ka sake fesawa kafin ka kwanta, ka ƙara da safe. Kada ka fesa a kan injin da ke da zafi sosai, domin man zai ƙone ya tashi a banza, kuma yana iya kamawa da wuta. Tsakanin fesawa da fesawa ka ɗora wani guntun ƙarfe a gefen notin ka riƙa ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma a hankali. Manufar ita ce girgizar ta tsattsaga tsatsar domin mai ya sami hanyar shiga, saboda haka bugu ƙanana masu yawa sun fi babba guda ɗaya amfani. Kada ka bugi kan sitod kai tsaye, don zai baje, noti kuma ba zai wuce ba.

Sifanar da ta fara cinye maka kan noti, ina kyautata zaton mai buɗaɗɗen baki ce, wadda gefe biyu kawai take kamawa. Ka ajiye ta. Abin da ake so shi ne soket mai kusurwa shida, wanda ke rungume notin ta kowane gefe, in ba a samu ba sai sifanar rin mai kyau wadda bakinta bai buɗe ba. Idan tsatsa ta rage girman notin har soket ɗin yana rawa, ka nemi wanda ya fi shi ƙanƙanta da lamba ɗaya ka doka shi a kai ya shiga da ƙyar. Ka yi amfani da gajeren hannu, kada ka ƙara masa bututu domin neman ƙarfi, saboda sitod mai milimita 6 ba ya buƙatar wani babban ƙarfi kafin ya murɗe, kuma dogon hannu yana hana ka jin abin da ke faruwa.

Sai ka fara da ɗaurewa, wato ka juya notin ta wajen matsewa ɗan kaɗan ƙwarai, sannan ka dawo ta wajen kwancewa. Wannan yana karya kamun tsatsar ta fuska biyu. Idan ya motsa ko da kaɗan ne, ka tsaya, ka fesa mai, ka mayar da shi baya, ka sake kwantowa, kana ƙara nisa a kowane zagaye. A nan ne hannu ke da abin faɗa. Notin da ke kwancewa yakan yi ƙara, ya saki a lokaci guda, ya riƙa tafiya da ɗan tirjiya. Sitod da ke shirin karyewa kuwa ba ya ƙara, sai ka ji sifana tana tafiya da wani laushi kamar kana murɗa ɗanyen kara, alhali notin bai rabu da inda yake ba. Da ka ji wannan laushin ka saki nan take. Wani lokaci kuma notin yakan fito tare da sitod ɗinsa gaba ɗaya daga cikin tof, kuma wannan ba matsala ba ce, sai ka raba su a ƙasa ko ka sayi sababbi. Ka sassauta notocin biyu bi da bi, kada ka cire ɗaya gaba ɗaya ɗayan na ɗaure, domin faifan zai karkace ya ƙara danne wanda ya rage.

Maganar wuta

Wanda ya ce maka a gasa bai yi kuskure ba, amma akwai abin da ake gasawa da abin da ba a gasawa. Idan aka zafafa noti shi kaɗai cikin sauri, yana buɗewa kafin zafin ya ratsa sitod, tsatsar da ke tsakaninsu kuma ta farfashe. Saboda haka ƙaramin harshen wuta ake so, a ɗora shi a gefen notin na ɗan lokaci, a janye, a gwada da soket tun yana da zafi. Ba a bin jikin bututun da wuta, domin fenti zai ƙone, inda kuma akwai farin rufi mai sheƙi zai koma shuɗi ko ruwan ƙasa kuma ba zai dawo ba. Ka sa a kare bututun da guntun kwano, a naɗe inda ya fi kusa da jiƙaƙƙen tsumma.

Haɗarin da ya fi girma yana ga tof ɗin. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Selsiyus, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar yadda ƙarfe ke yi, sai dai kawai ka ga wurin ya zube. Wutar kabaid da masu walda ke amfani da ita ta fi wannan zafi sau da yawa, don haka sai a hannun wanda ya saba da injin babur, ba wanda aikinsa ƙofa da taga ba. Kafin a kunna wuta a rufe makunnin mai, a zubar da fetur ɗin da ke cikin kafireto, a goge man jiƙon da ya kwarara, in da hali ma a sauke tankin a kai shi nesa. A janye wayoyi da robobin da ke kusa, a ajiye yashi a gefe.

Idan an jiƙa, an ƙwanƙwasa, an gasa, noti bai motsa ba, ni ba na ƙara ƙarfi, sai in hallaka notin. Ana yanka gefensa da zarton ƙarfe ko ƙaramin injin yanka, a tsaye tare da tsawon sitod, a dakata kafin a taɓa zaren, sannan a sa cizal a tsagar a buɗe shi. Ga notin da kansa ya riga ya cinye kamar naka, wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita. Kuɗin noti bai kai na kofin shayi ba, kuma a duk wannan aiki shi da gasket da kilif su ne abubuwan da ya halatta a lalata.

Bayan notoci sun fita

Sau da yawa notoci sukan fita amma bakin bututun ya ƙi barin tof, saboda kunkunniya da tsohon gasket sun manne shi. Ka janye faifan daga jikin tof, ka fesa mai a kewayen bakin, sannan ka sassauta ƙusar baya ba tare da ka cire ta ba. Ka sa wani ya tallafi salansar. Kai kuma ka ɗora guntun katako a cikin lanƙwasar bututun ta wajen injin, ka riƙa buga katakon ta yadda bugun zai tura bututun gaba, ta hanyar da zai fita. Wannan shi ne iyakar aikin guduma a nan. Ba a bugun jikin salansa da ƙarfe, domin kwanonta siriri ne, a cikinta kuma akwai faranti da aka yi wa walda domin rage ƙara, waɗanda in suka saki za ka yi ta jin kacau-kacau har ranar da ka canja ta. Kada kuma ka cusa sukudireba tsakanin bututu da tof ka banƙara, domin za ka fasa haƙarƙarin da ke sanyaya injin ko ka ƙwarzane mazaunin gasket, wurin kuma ba zai daina hurawa ba. Idan bakin ya motsa, sai a cire ƙusar baya a zaro salansar gaba da ƙasa.

Ga mai babur da salansarsa ke da mahaɗar tsakiya, aikin ya ɗan bambanta. A kwance kilif ɗin gaba ɗaya a ture shi gefe, kada a bar shi a sassauce kawai. Bakin salansar yana da tsaga biyu ko fiye, a sa siririn sukudireba a ɗan buɗe su domin mai ya shiga, amma kaɗan, don in aka wuce gona da iri bakin zai yage. Daga nan murɗawa ake yi, hagu da dama, ana ja baya a lokaci guda. Ba a ɗaga ta sama da ƙasa, domin hakan yana mayar da bakin bututun ƙwai-ƙwai. Domin samun riƙo ba tare da ƙarce ba, a naɗe jikin salansar da tsohuwar robar cikin taya, a zagaya ta da bel mai ƙarfi, a sa sanda a cikin bel ɗin a murɗa. Filaya da sifanar famfo ba su da wuri a nan. Idan kilif ya daɗe a matse har ya yi wa bututun biyu zobe, ko kuma murɗawar tana jijjiga wuyan da ke jikin injin, gara a sauke salansa da bututun a haɗe, a raba su a ƙasa, inda za a iya ɗumama na waje a jiƙa na ciki ba tare da an wahalar da sitod ba. Baburan da ke amfani da injekta kuma sukan zo da na'urar auna iska a jikin bututun, sai an zare wayarta tukuna.

Inda aikin gida ya ƙare

Daga bayaninka ina ganin wannan aiki zai yiwu a ƙofar gida, matuƙar sitod biyun suna da rai. Amma idan ka goge ka tarar tsatsa ta cinye sitod har ya yi ƙugu, ko ya riga ya karye, to ka tsaya. In guntun ya leƙo waje, mai walda na lantarki yana iya ɗora noti a kansa ya yi masa walda ta ciki, zafin waldar kuma yakan taimaka, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka ramin yakan saki guntun. A cire wayar batir da ta akwatin wuta kafin a fara. In kuwa ya karye daidai da fuskar tof ko a ciki, sai huda, kuma huda ƙarfe mai tauri a tsakiyar alminiyam mai laushi aiki ne da dirila ke son zamewa gefe. Wannan na masu tana ne, kuma a kasuwar Panteka ta Kaduna akwai waɗanda wannan ne abincinsu, za su huda a miƙe, su sake yanka zare ko su dasa sabon zare a ramin. Ina gargaɗi game da ƙarfen nan mai zaren hagu da ake sayarwa domin zaro karyayyar ƙusa: yana da tauri amma yana da gautsi, idan ya karye a cikin sitod ɗin da tsatsa ta kama, dirilar yau da kullum ba ta cinsa. Haka nan ka duba salansar kanta da idon basira. Idan ka danna wuyanta ko ƙasanta da yatsa ka ji yana lotsawa, tsatsa ta gama da ita daga ciki, kuma babu dabarar cirewa da za ta hana ta buɗewa.

Wajen mayarwa, ka ƙwaƙulo tsohon gasket daga cikin ramin, domin yakan baje ya yi baƙi har mutum ya ɗauka babu shi, ya ɗora sabo a kansa, hurawa kuma ta ci gaba. Ka kankare kunkunniyar mazaunin a hankali, ka goge bakin bututun da samfefa. Ka sa sababbin notoci, na tagulla in ka samu, domin ba sa kama sitod kamar na ƙarfe, ka shafa wa zaren man tagulla mai jure zafi, saboda giris na yau da kullum ƙonewa yake yi a wurin. Ka ɗaura komai da hannu tukuna, gaba da baya, domin salansar ta zauna ba tare da tanƙwara ba, sannan ka matse notocin gaba bi da bi har faifan ya zauna daidai, ka ƙare da ƙusar baya. Noti mai sitod na milimita 6 ba ya wuce matsi na kusan mita-niyutan 10 a ma'aunin ƙarfin murɗawa, na milimita 8 kuma kusan 20, wato abin da gajeriyar sifana ke bayarwa da hannu ɗaya ba tare da yunƙuri ba. Ka tayar da injin ka kusantar da bayan hannunka ka ji ko iska na fita, kuma bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu, idan injin ya huce, ka sake taɓa notocin, domin sabon gasket yakan ɗan kwanta su yi sako-sako.